Daga bakin fatake zuwa adireshin intanet: tarihin sunan ɗan kasuwa a arewacin Kano

A karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, sunan ɗan kasuwa ya daɗe yana aikin da takarda ke yi a wasu wurare. A zamanin fatauci, baƙon da ya zo sayen hatsi ko saƙi yakan sauka wurin fatoma, shi kuma ya tsaya masa. Ana ba da bashi ne bisa sunan mutum da na garinsu, domin an san inda za a same shi.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya lamarin. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa suka riƙa raba kuɗi ga manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, su kuma suka tura yaransu ƙauyuka. Suna ya shiga littafin akawu da saƙon tangaraho, a rubutun boko na Turawan da ba su bambanta "d" da "ɗ". Sai a shekarun 1930 aka daidaita haruffa masu lanƙwasa, amma takardun hukuma suka ci gaba da tsohon salo. Har yau ana ganin Dambatta da Danbatta, alhali gari ɗaya ne.

Wannan gadon ne ya biyo ɗan kasuwa zuwa intanet. Tsarin sunayen shafuka da Paul Mockapetris ya ƙirƙira a Amurka a 1983 ya ginu ne kan haruffan Turanci 26 da lambobi da karan ɗori. An yi wa sunan farko mai ƙarewa da .com rajista a watan Maris na 1985, daidai shekarun da kasuwar hatsi ta Dawanau ke kafuwa. Nijeriya ta sami nata .ng a 1995, kuma bayan doguwar taƙaddama kan wanda zai riƙe shi, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005 domin ta kula da rajistar. Tun 2003 akwai hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, sai dai mai sayen riɗi a Turkiyya ko Indiya ba shi da "ƙ" a madannansa.

Saboda haka mai fitar da riɗi ko zoɓorodo daga Dawanau dole ya auna sunansa bayan lanƙwasa ta faɗi. Wanda ya kira sana'arsa Albarkar Ƙasa zai ga "ƙasa" ta koma "kasa", wato gazawa, ko ma macijiya. Sunan da ya fi dacewa shi ne gajere, mai rubutu iri ɗaya, wanda za a faɗa ta waya sau ɗaya a rubuta daidai, kuma wanda aka riga aka san mutum da shi a kasuwa. Ƙarshen .ng ko .com.ng yana shaida wa baƙo asalin kayan, kamar yadda sunan gari ke yi a da.

Batun mallaka ya fi wannan nauyi. Manomin wannan yanki ya san bambancin gonar gado da ta aro da ta jingina da ta haya. Sunan shafi haya ne: ana biya shekara-shekara, in aka yi sakaci wa'adi ya wuce, wani na iya ɗauka, ya karɓi saƙonnin abokan ciniki, har ya tura musu lambar asusunsa. Rajistar Hukumar Kula da Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, ba ta ba mutum sunan shafi kai tsaye. Rajista ce daban. Haka kuma idan yaron da ya gina shafin ya sa sunansa da imel ɗinsa a rajistar, shi tsarin ya sani a matsayin mai haya, ba mai dukiyar ba. Ya kamata mai sana'a ya tabbatar sunansa ne a rubuce, lambar sirri tana hannunsa, kuma ya san ranar sabunta biya kamar yadda ya san ranar kasuwar garinsu.