Wasan Puerto Rico: Su Wane Ne Ke Cikin Jirgin?

Mai karatu, wannan watan mun ɗan jingine fim, za mu leƙa wani wasan dara na Turawa da ya jawo ce-ce-ku-ce kamar yadda wasu finafinan tarihi kan jawo. Sunansa Puerto Rico. Wani Bajamushe mai suna Andreas Seyfarth ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Alea ya fito da shi a 2002. A shekarar ya lashe kyautar Deutscher Spiele Preis ta Jamus, kuma ya yi shekaru yana kan gaba a jerin wasannin shafin BoardGameGeek.

Ga yadda ake yin sa. Mutum 3 zuwa 5 za su zauna, kowa da allonsa, kowa na matsayin gwamna a tsibirin Puerto Rico zamanin mulkin Sifen. Za ka buɗe gonaki na masara, baba, rake, taba da kofi, ka gina masana'antu a birnin San Juan, ka sayar da kaya ko ka loda su a jirgi zuwa Turai domin samun maki. A kowane zagaye kana zaɓen aiki guda, ko magajin gari, ko magini, ko ɗan kasuwa, ko kyaftin. Gaskiya wasa ne mai kaifafa ƙwaƙwalwa, don sai ka iya tattalin ɗan abin da ke hannunka.

To amma gona ba ta ba da komai sai ka ɗora mata wani ɗan ƙwaya mai launin ƙasa-ƙasa. Waɗannan ƙwayoyi a jirgin ruwa suke isowa, ba ka saye su da ko sisi, ba ka biyan su lada. Littafin dokokin wasan ya kira su baƙi masu zuwa zama. Kai mai karatu da ka kalli Roots na 1977, ka ga yadda aka ɗauko Kunta Kinte, ai ba sai an faɗa maka su wane ne ba.

Bari mu duba tarihin. Kolombus ya isa tsibirin a 1493, ya tarar da mutanen Taino, waɗanda ke kiran ƙasarsu Boriken. A 1508 Juan Ponce de León ya kafa mazaunin Sifaniyawa na farko a Caparra. Aikin dole a wuraren haƙar zinari da cututtukan Turawa suka kusa ƙarar da 'yan ƙasar, sai aka koma jigilar bayi daga Afirka tun farkon ƙarni na 16. Su ne suka riƙe gonakin rake. Ba a haramta bauta a can ba sai ranar 22 ga Maris, 1873, inda aka 'yanta kimanin mutum 29,000. Ko a nan ma iyayen gijin aka biya diyya, su kuwa bayin aka tilasta musu ƙulla yarjejeniyar aiki ta shekara 3.

Masu kare wasan sukan ce ai wasa ne kawai. Ni dai ban yarda ba. Darakta kan zaɓi inda zai kafa kyamara, mai ƙirƙirar wasa kuwa kujerar da za ka zauna yake zaɓar maka. A fim kallo kawai kake yi. A nan da hannunka kake rarraba mutane a gonaki, kana murna jirgi ya iso cike.

Surutun ya yi tasiri. A 2022 aka sake fito da shi da sunan Puerto Rico 1897, shekarar da Sifen ta ba tsibirin 'yancin gudanar da harkokin cikin gida, kafin Amurka ta karɓe shi a 1898. Yanzu kai manomi ne ɗan ƙasa, ƙwayoyin kuma ma'aikata ne. Dokokin wasan kusan suna nan yadda suke, labarin aka sauya.

Marubutanmu da 'yan fim masu sha'awar labaran sarauta da yaƙe-yaƙen da, wannan tambayar ta shafe ku. In kun nuna fada da dawakai da rumbuna cike, ku nuna mana wanda ya yi noman.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.