Amartya Sen: masanin da ya nemi tushen yunwa a bayan rumbu

A shekarar 1943 yunwa ta auka wa yankin Bengal na ƙasar Indiya, ta halaka mutane tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Daga cikin waɗanda suka ga wannan masifa da idonsu akwai wani yaro ɗan shekara tara, Amartya Sen, wanda aka haifa a Santiniketan cikin 1933. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yunwar ba ta shiga gidansu ba; ƴan ƙwadago da masunta ta kwashe.

Sen bai tsaya ga fanni guda ba. Tun yana lakwal ya rungumi lissafi da Sanskrit, tsohon harshen adabin Indiya. A jami'ar Kambirij ta Ingila ya karanci tattalin arziki, sannan ya duƙufa ga falsafa. Lissafi ya koya masa awo, falsafa kuwa ta koya masa tambayar wa aka zalunta.

Da waɗannan ilmomi ya koma kan yunwar ƙuruciyarsa. A littafinsa na 1981, Poverty and Famines, ya nuna cewa shinkafar da Bengal ta mallaka a 1943 ta ɗara ta 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabi lokacin yaƙin duniya na biyu, ladan lebura kuma ya kasa bin sa. Littafin ya duba har da farin Sahel na 1968 zuwa 1973, inda darajar dabbobin makiyaya ta faɗi yayin da hatsi ke tsada.

Tunaninsa ya zarce batun cimaka. A 1990 ya ƙiyasta cewa mata fiye da miliyan 100 sun salwanta, galibi a Asiya, saboda fifita ƴaƴa maza wajen abinci da magani. Ya kuma taimaka wa Mahbub ul Haq na Pakistan wajen tsara ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda ke haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. A 1998 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Wanda ya ga Maraɗi a 2005 ya san wannan darasi: akwai hatsi a kasuwa, amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Ke nan lissafin buhunan da aka girbe bai isa ya auna yunwa ba, sai an tambayi wa ke da halin saye.