Ruwan Zartsi da Babban Gida a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ƙasar Tambuwal da Kebbe, wadda ke kudancin Jihar Sakkwato tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, tana cikin yankin da masana ƙasa ke kira Kwarin Sakkwato, wato shimfiɗar duwatsu da yashi da yumɓu da suka taru hawa bisa hawa tun zamanin da teku ke malale a wannan ɓangare na Afirka. Cikin waɗannan hawa akwai na dutsen farar ƙasa da aka laƙaba wa sunan Kalambaina, inda masana'antar siminti ta Sakkwato ke haƙarsa tun shekarun 1960, kuma binciken da Anderson da Ogilbee suka wallafa a 1973 ya nuna cewa ruwan da ke kwance cikin wannan dutse mai nauyi ne, alhali na yashin Gwandu da ke bisansa galibi mara nauyi ne. Abin da ake nufi da nauyi shi ne yawan kalsiyam da magniziyam da suka narke cikin ruwa, waɗanda ke hana sabulu kumfa, su bar farin ɓawo a gindin buta, su kuma sa wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba. Domin zurfin rijiya ne ke ƙaddara hawan da za ta taras, akan sami rijiyoyi biyu a gari guda, ɗaya mai daɗi ɗaya mai zartsi, kuma kowace mace a garin ta san wannan bambanci tun kafin a sami na'urar auna shi.

Tun lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal a farkon rabin ƙarni na 19, garin ya zama ribaɗi, wato mazaunin tsaron iyakar daular Sakkwato, rayuwar yankin ta ginu bisa gandu, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa da matansu da barori ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya. Irin wannan gida, da dawakinsa da bisashensa da almajiran da ke kwana a zaure, yana shan ruwa mai yawan gaske, kuma da yake kowane tulu a kai ko a bayan jaki yake zuwa, ba a taɓa ɗaukar ruwa a matsayin abu guda ba. Ruwan rijiya mai daɗi, ko da tana nesa, shi ake zubawa a randar sha a rufe da faifai a kife moɗa a kai. Na rijiyar gida mai zartsi na dabbobi ne da kwaɓin ƙasa da wanke-wanke. Babban wanki kuwa akan kai shi gulbi ko tafki, inda sabulun salo ke kumfa ba tare da an yi asararsa ba. Fiƙihun Malikiyya ya sauƙaƙa wannan rabo, domin littattafan da ake karantawa a zaurukan yankin, irin su Risala, sun tabbatar da cewa ruwan da ɗanɗanonsa ko launinsa ya sauya saboda ƙasar da yake kwance a cikinta yana nan mai tsarkakewa, saboda haka butar alwala ba ta yi gasa da randar sha ba.

Dabarun gyaran ruwa iri biyu ne, kuma matan da suka gada ba su cakuɗa su ba. Ta farko ita ce kwantar da laka, wadda mutanen Kebbe suka fi bukata, tun da Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasarsu daga Gummi zuwa Jega yakan yi jajawur da damina. Akan bar ruwan ya kwana a randa, ko a kaɗa ɗan alif a ciki, dattin ya dunƙule ya nutse. Ta biyu, wadda ita ce ainihin rage nauyi, da toka da kanwa ake yin ta. Uwargida takan cika tsohuwar tukunya mai huji da tokar kara, ta ɗora bisa kasko, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga a hankali har ya taru ja mai santsi a hannu, sannan ta ɗiba ta zuba a ruwan wanki ko na girki, kamar yadda take jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunyar wake. Sinadarin da ke cikin toka da kanwa yana kama kalsiyam ya mayar da shi gari ya kwanta, kuma wannan hanya ta kwantarwa ita ce Thomas Clark ya bi a Birtaniya a 1841, sai dai shi da ƙonannen dutsen farar ƙasa ya yi aiki. Kanwa da gishiri ba su yi wa yankin wuyar samu ba, domin kasuwar Jega, wadda ta kasance cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, tana maƙwabtaka da shi, kuma a wancan zamani fatake na sauke kayan Dallol Foga da na Barno a cikinta.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, abin da hukuma ta fi mayar da hankali a kai shi ne yawan ruwa da tsabtarsa. Rijiyoyin siminti sun fara yaɗuwa a lardin Sakkwato daga shekarun 1930, farin 1972 zuwa 1974 ya tilasta neman ruwa mai zurfi, sannan shekarun 1980 suka kawo rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa, musamman bayan kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986. Yaƙi da kurkunu, wanda ya kai ga tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2013, ya koya wa gidaje tace ruwa da ƙyalle. Duk waɗannan alheri ne babba, amma babu ɗayansu da ya taɓa nauyin ruwa.

Matsalar ta fito fili ne a 'yan shekarun nan, lokacin da masu hali suka fara haƙa burtsatse a cikin gida, da injin mai aiki da hasken rana da tanki a sama, ruwan sha da na wanka da na dabbobi suka koma bututu guda, tsohon rabon ya rushe, ɓawo ya shiga toshe famfo yana cin injin dumama ruwa. Nan ne na'urar rage nauyin ruwa ta shigo zance. Asalinta aikin Robert Gans ne a Jamus a 1905, wanda Adams da Holmes suka kyautata a Ingila a 1935, kuma tulu ce cike da ƙwayoyin roba ƙanana kamar gero, waɗanda ke riƙe kalsiyam da magniziyam su saki sodiyam a madadinsu, idan sun cika kuma a wanke su da ruwan gishiri su koma aiki.

Zaɓenta ga babban gida yana farawa da gwajin ruwa, domin zartsi iri biyu ne: wanda nauyi ya jawo na'urar tana maganinsa, amma wanda gishiri ya jawo ba ta rage masa komai, ruwan da ke ɗauke da ƙarfe mai rina kwano ja kuwa yana lalata ƙwayoyin idan ba a tace shi tukuna ba. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 ya tsayar da iyakar nauyi a miligiram 150 cikin lita. Idan aka ƙaddara gida mai mutum 30, kowa na amfani da lita 50, nauyin ruwan kuma ya kai miligiram 300, to na'urar za ta kama giram 450 a yini, abin da ke cin kimanin kilo 1 na gishiri kullum, ban da ruwan wankinta da ke kashe shuka idan aka sake shi a lambu. Ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma sodiyam ɗin da take ƙarawa abin lura ne ga mai hawan jini. Gidan da ba a daina buɗe famfo a cikinsa dare da rana yana bukatar mai tulu biyu, ɗaya na aiki ɗaya na wanki, amma kuɗin yana raguwa ƙwarai idan maigida ya koma ga tsarin kakanninsa, ya haɗa na'urar da bututun wanka da wanki da girki kaɗai, ya ware ruwan sha da matatarsa, ya bar na dabbobi da lambu da ban-ruwan tsakar gida yadda ya fito daga ƙasa.