Bindigogin Farar Hula Masu Ɗura Kansu a Ma'aunin Makaman Yaƙi: Nazarin AR-15 a Dokokin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci muhawarar da ake tafkawa a Amurka kan ko ya dace a ɗauki bindigogin farar hula masu ɗura wa kansu harsashi, musamman samfurin AR-15, a matsayin makaman soja. An bi diddigin asalin bindigar da yadda take aiki, sannan an ƙalailaice dokoki da hukunce-hukuncen kotu daga 1934 zuwa 2025. Binciken ya gano cewa AR-15 ta samo tushe ne daga bindigar yaƙi, kuma kusan abu guda ne ya raba ta da M16 ta soja, wato makunnin ɓarin wuta. Ya kuma gano cewa rarraba bindigogi zuwa na soja da na farar hula bai samar wa doka iyaka mai ɗorewa ba. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa auna bindiga da yawan harsashin da take iya fitarwa ba tare da tsayawa ba.

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2012 wani matashi ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke jihar Connecticut. A 2018 an kashe mutum 17 a wata sakandare a Parkland, a 2022 kuma yara 19 da malamai 2 a Uvalde. Duk waɗannan hare-hare da bindiga samfurin AR-15 aka kai su. Wannan bindiga dai ita ce ta fi kowace doguwar bindiga kasuwa a ƙasar: ƙungiyar masu ƙera makamai ta NSSF ta ƙiyasta cewa akwai irinta fiye da miliyan 20 a hannun jama'a.

Daga nan ne ra'ayi ya rabu gida biyu. Masu neman a haramta ta suna cewa makamin fagen fama ne da ya ɓato hanya zuwa kantuna. Masu kare ta kuwa suna cewa bindigar farauta ce da wasan saiti da tsaron gida. Saɓanin ya wuce cacar baki, domin a kotunan Amurka amsar wannan tambaya tana iya yanke hukuncin ko kundin tsarin mulki ya kare mallakar bindigar ko bai kare ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna ko laƙabin "makamin soja" zai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa.

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An dogara ne da nazarin rubutattun bayanai: dokokin tarayya na 1934 da 1986 da 1994, hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da na kotunan ɗaukaka ƙara, da bayanan ƙirar bindigogi. An gwada AR-15 da ma'aunai uku da ɓangarorin biyu ke kafa hujja da su, wato asali, da yanayin harbi, da yadda ake amfani da ita. An kuma waiwayi New Zealand domin kwatance.

3.0 Asali da Ƙira

Bindiga mai ɗura kanta ita ce wadda, idan aka ja kunama sau ɗaya, za ta fitar da harsashi ɗaya, ta tofar da kwanso, ta saka wani harsashin da ƙarfin da harbin ya haifar. Sai an saki kunamar an sake ja kafin wani ya fita. Mai ɓarin wuta kuwa, muddin yatsa na kan kunama, ba za ta tsaya ba sai gidan harsashi ya ƙare.

Eugene Stoner da abokan aikinsa ne suka ƙera AR-15 a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kuma don soja aka ƙera ta, da makunnin da ke ba da damar zaɓar harbin ɗai-ɗai ko ɓarin wuta. A 1959 ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙirar. Rundunar sojan Amurka ta karɓe ta da sunan M16, ta kuma yi yaƙin Biyetnam da ita. A 1964 Colt ya fara sayar wa farar hula samfurin da aka cire wa ɓarin wuta, ya bar masa sunan AR-15.

Ban da wannan makunni, kusan komai ɗaya ne. Gidan harsashi mai cin 30 yana shiga kowace daga cikinsu. Harsashin milimita 5.56 yana barin bakin bindigar da gudun da ya kai mita 900 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki biyu na gudun harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9. Rashin nauyi da ƙarancin mangarewa, waɗanda suka sa soja ya so ta, su ne kuma suka sa ta yi farin jini a kasuwa. Ita kanta Kotun Ƙoli, a shari'ar Staples ta 1994, ta bayyana AR-15 da cewa samfurin farar hula ne na M16, ta kuma lura cewa sassa da dama na ɗaya suna hawa kan ɗayar.

4.0 Matsayin Doka

4.1 Dokokin Majalisa

Dokar makamai ta 1934 ta ja layinta ne a kan kunama: duk bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya da motsin kunama guda mashinga ce, dole a yi mata rajista a biya haraji. Dokar 1986 ta hana farar hula mallakar duk wata mashinga da aka ƙera bayan 19 ga Mayu na shekarar. A wannan ma'auni AR-15 ba ta shiga sahun M16 ba.

Dokar 1994, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, ta ɗauki wani salo. Ta ambaci wasu samfura da sunayensu, sannan ta haramta ƙera duk doguwar bindiga mai ɗura kanta da ake iya cire gidan harsashinta idan tana da biyu daga cikin siffofi biyar: gindi mai naɗewa, mariƙi irin na ƙaramar bindiga, mazaunin banati, abin ɓoye walƙiyar harbi, da maharbin gurneti. Ta kuma hana sababbin gidajen harsashi masu cin fiye da 10. Kamfanoni suka cire mazaunin banati da makamantansa, suka ci gaba da sayar da bindigar da harbinta bai canza ba. Wa'adin dokar ya ƙare a 2004, ba a sabunta ta ba. Tun daga lokacin jihohi irin su California da Maryland da Illinois ne ke riƙe da nasu haramcin.

4.2 Hukunce-hukuncen Kotu

Gyara na Biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya ambaci buƙatar dakarun sa-kai na 'yan ƙasa kafin ya tabbatar da 'yancin riƙe makami. A shari'ar Miller ta 1939 Kotun Ƙoli ta ƙi kare gajeriyar bindigar harbin tsuntsaye saboda ba a nuna tana da alaƙa da aikin irin waɗannan dakaru ba. A wancan karatu, amfanin makami a wajen yaƙi shi ne ke ba shi kariya.

Shari'ar Heller ta 2008 ta juya akalar. Mai Shari'a Antonin Scalia ya rubuta cewa 'yancin na kowane mutum ne domin kare kansa, kuma ya shafi makaman da jama'a suka saba mallaka don halastattun buƙatu. Ya kuma yarda cewa ana iya haramta M16 da makamantanta. A kan wannan kalma ta "makamantanta" rigimar yau ta rataya.

A shari'ar Kolbe ta 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu ta amince da dokar Maryland ta 2013, bisa hujjar cewa AR-15 da M16 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Bayan shari'ar Bruen ta 2022, wadda ta wajabta a riƙa gwada kowace dokar bindiga da al'adar tarihin ƙasar, kotun shiyya ta huɗu ta sake tabbatar da matsayinta a shari'ar Bianchi ta 2024. Kotun shiyya ta bakwai ma ta bi wannan sawu a shari'ar Bevis ta 2023 game da dokar Illinois. Alƙalan da suka saɓa sun kafa hujja da cewa makamin da miliyoyin mutane suka mallaka bisa doka ba za a kira shi baƙo ba. A watan Yuni na 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar Snope, amma Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya nuna cewa ya kamata kotun ta ɗauki batun nan ba da jimawa ba.

5.0 Auna Hujjoji

Ma'aunin asali shi ne mafi rauni. Bindigar M1 Garand, wadda sojan Amurka ya karɓa a 1936 ya yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, makamin soja ce tsantsa, amma an daɗe ana sayar wa farar hula rarar ta ƙarƙashin wani shiri da doka ta kafa. Ƙaramar bindigar M1911 ma haka. A ɗaya gefen, bindigar farauta ta Remington 700 ita ce tushen M24 ta gwanayen harbi na soja. Da asali ne abin dubawa, da an haramta bindigogin da ba wanda ke ƙorafi a kansu.

Ma'aunin kunama ya fi ƙwari, domin ana iya gwada shi a ɗakin bincike. Sai dai bai raba soja da farar hula kamar yadda ake zato ba. Sojan Birtaniya ya shafe kusan shekara 30 yana riƙe da L1A1, wadda ɗai-ɗai kawai take harbi. Amurka ta mayar da ɓarin wutar M16A2 harsashi uku-uku a shekarun 1980 don rage asarar harsashi, kuma horon soja ya fi ƙarfafa harbin ɗai-ɗai saboda ya fi samun saiti. Haka nan kasuwa ta iya tsallake layin. A harin Las Vegas na Oktoba 2017 maharin ya fitar da harsashi sama da 1,000 cikin kimanin minti 10, ya kashe mutum 58 a daren, da taimakon wani gindin bindiga mai amfani da mangarewarta don hanzarta harbi. Duk da haka, a shari'ar Cargill ta 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan na'ura ba ta mayar da bindiga mashinga ba, tunda kowane harsashi da nasa motsin kunamar. A nan harafin doka da abin da ya faru a ƙasa sun yi hannun riga.

Ma'aunin amfani yana yi wa kowane ɓangare gardama. Alƙaluman hukumar FBI sun daɗe suna nuna cewa ƙananan bindigogi ne ake yin mafi yawan kisan kai da su, dogayen bindigogi kuwa kasonsu kaɗan ne. Harsashin farautar manyan namun daji, irin .30-06, ya ninka na AR-15 ƙarfi. Amma yawan mallaka ma hujja ce mai zagaye: an mallaki AR-15 da yawa ne saboda doka ta bari, mashinga kuma ta yi ƙaranci saboda doka ta hana. Masu ƙera ta ma ba su guje wa kamannin soja ba a tallace-tallacensu. A kan salon talla ne iyalan waɗanda aka kashe a Sandy Hook suka kai ƙarar Remington, aka sasanta a kan dala miliyan 73 a 2022.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne rawar gidan harsashi. Binciken da Christopher Koper ya jagoranta a 2004 ya nuna cewa kafin dokar 1994 bindigogin da ta haramta ba su wuce kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na laifukan bindiga ba, alhali manyan gidajen harsashi sun bayyana a kashi 14 zuwa 26. A Tucson a 2011, lokacin da maharin da ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords ya tsaya sauya gidan harsashi ne jama'a suka danne shi, kuma ƙaramar bindiga ce a hannunsa. New Zealand ta ga irin wannan. Tun 1992 dokarta ta ware bindigogi "masu kama da na soja" bisa siffofi, amma maharin masallatan Christchurch, wanda ya kashe mutum 51 a Maris 2019, ya sayi bindigogi da lasisi na gama-gari ya haɗa su da manyan gidajen harsashi. Dokar da ta biyo baya a watan Afrilu ta koma kan yanayin harbi da yawan harsashi.

6.0 Sakamakon Bincike

Na farko, AR-15 ta farar hula ba ita ce bindigar da ake raba wa sojan ƙasa na Amurka ba, don haka kiran ta makamin soja kai tsaye bai cika daidai ba. Na biyu, tazarar da ke tsakaninta da M16 ta yi ƙanƙantar da ba za ta isa a ce ba su da dangantaka ba, domin a irin harbin da soja ya fi yi aikinsu ɗaya ne. Na uku, dokokin da suka dogara da siffa sun fi sauƙin kaucewa. Na huɗu, Miller da Heller sun ba alaƙa da soja ma'anoni masu karo da juna, wanda ya sa kowane ɓangare ke samun madogara a hukunce-hukuncen kotu guda.

7.0 Kammalawa

Tambayar ko bindiga ta soja ce ko ta farar hula tana neman amsa ɗaya daga cikin biyu, alhali makamai sun daɗe suna kai da komo tsakanin barikin soja da kantin mafarauta. Wannan maƙala tana ganin ya fi dacewa masu yin doka su ƙayyade abubuwan da ake iya ƙirgawa: harsashi nawa gida ke ci, harsashi nawa bindiga ke fitarwa a minti ɗaya da kowace irin na'ura, da sauƙin mayar da ita mai ɓarin wuta. Hakan ba zai kashe gardamar tsarin mulki ba, domin sai kotu ta faɗi ko irin wannan iyaka ta dace da Gyara na Biyu. Amma zai sa alƙalai da 'yan majalisa su yi jayayya a kan adadin da kowa zai iya tantancewa. Akwai buƙatar ƙarin bincike da zai kwatanta jihohin da suka taƙaita gidan harsashi kaɗai da waɗanda suka haramta samfuran bindiga, domin a gane wanne ne ya fi rage yawan mutanen da ke mutuwa a hari guda.