Sojojin Navajo: Harshen da Japan ta kasa warwarewa a Yaƙin Duniya na Biyu

A tsakanin 1942 da 1945, rundunar sojojin kundumbala ta Amurka, wadda ake kira Marine, ta ɗauki matasa kimanin 400 'yan ƙabilar Navajo domin su riƙa isar da saƙonnin yaƙi ta rediyo da wayar tarho a fagen fama na tekun Pasifik. Sun yi aikin ne da wani zaurance da suka gina a kan harshensu na gado, kuma har aka gama yaƙin masu leƙen asirin Japan ba su gano kansa ba.

Navajo, waɗanda ke kiran kansu Diné, suna daga cikin manyan ƙabilun asali na Amurka, kuma yankinsu ya ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah. Tarihinsu da gwamnati ba mai daɗi ba ne. A 1864 sojoji sun kora dubbansu a ƙafa zuwa sansanin Bosque Redondo, inda da yawa suka mutu, sai a 1868 aka bar su suka koma gida. Bayan haka aka shiga kai 'ya'yansu makarantun kwana, inda ake hukunta yaron da aka ji yana magana da harshen uwarsa, wani lokaci har a wanke masa baki da sabulu. Da yawa daga cikin matasan da aka ɗauka aikin soja sun fito ne daga waɗannan makarantu.

Wanda ya kawo shawarar shi ne Philip Johnston, injiniya a birnin Los Angeles, ɗan wani mai wa'azin Kirista, wanda ya tashi a cikin Navajo yana jin harshensu. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamba 1941, ya tunkari rundunar da batun. A watan Fabrairu 1942 aka yi gwaji a barikin Camp Elliott kusa da San Diego, a gaban Manjo Janar Clayton Vogel. Saƙon Ingilishi mai layi uku, wanda na'urar sirri ta lokacin ke ɗaukar minti 30 kafin ta juya shi, sai ga 'yan Navajo sun juya shi, sun aika, sun mayar da shi Ingilishi cikin daƙiƙa 20. A watan Mayu aka ɗauki rukunin farko na mutum 29.

Harshen kansa yana da wuyar shiga kunnen baƙo. Karin sauti da tsawon wasali suna canza ma'anar kalma, abin da mai jin Hausa ba zai yi mamakinsa ba, tunda da karin sauti yake bambanta kukan yaro da bishiyar kuka. Yana kuma da baƙaƙe masu kama da ƙ da ts na Hausa. Ga shi a lokacin kusan ba a rubuta shi, kuma 'yan ƙalilan ne suka iya shi a wajen ƙabilar.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa hira kawai suke yi da harshensu a rediyo, kamar yadda ake yawan faɗa. Mutum 29 ɗin nan sun zauna sun tsara zaurance mai hawa biyu. A hawa na farko, sun laƙaba wa kayan yaƙi sunayen abubuwan da suka sani. Tankar yaƙi ta zama kunkuru, chay-da-gahi. Jirgin ƙarƙashin teku ya zama kifin ƙarfe, besh-lo. Gurneti dankali ne, bama-bamai ƙwai, ƙaramin jirgin yaƙi kuwa aka ba shi sunan wani ɗan tsuntsu mai tsotsar furanni. Amurka suka kira ta ne-he-mah, wato uwarmu. A hawa na biyu, sun tsara yadda za a rattabo kalma harafi bayan harafi, musamman sunayen wurare. Harafin A, alal misali, ana faɗinsa da wol-la-chee, wato tururuwa, saboda sunanta a Ingilishi da A yake farawa. Daga baya aka ƙara tuffa da gatari a kan wannan harafi, domin kada maimaita kalma ɗaya ya tona asiri. Da kalmomi 211 aka fara, suka haura 400 kafin ƙarshen yaƙin, kuma duk a ka ake haddace su, ba a shiga fagen fama da littafi.

Labarin Joe Kieyoomia ya nuna amfanin wannan tsari. Shi ma ɗan Navajo ne, soja a wata runduna dabam, wanda Japan ta kama a Filifin a 1942. Da suka gane ƙabilarsa, sai suka tilasta masa sauraren saƙonnin da suka tare, suka kuma azabtar da shi. Yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma a kunnensa ba su haɗu sun ba da wata ma'ana ba, domin ba a koya masa zaurancen ba.

An yi amfani da su daga Guadalcanal zuwa Tarawa, Saipan, Peleliu da Okinawa. A Iwo Jima, cikin watan Fabrairu 1945, shida daga cikinsu sun aika tare da karɓar saƙonni fiye da 800 a kwana biyun farko ba tare da kuskure ba. Jami'in sadarwa na runduna ta biyar, Manjo Howard Connor, ya ce ba don su ba da ba a ci tsibirin ba.

Ba su ne na farko ba, domin 'yan ƙabilar Choctaw sun yi irin wannan aiki a Faransa a 1918, 'yan Comanche kuma a Turai a yaƙi na biyu.

Da suka koma gida, an umarce su da su yi shiru, don haka ko iyalansu ba su san abin da suka yi ba. Mazauna yankunan ƙabilu a Arizona da New Mexico ma ba su sami 'yancin kaɗa ƙuri'a ba sai a 1948, bayan hukuncin kotu. Sai a 1968 gwamnati ta fitar da batun daga sirri. Shugaba Ronald Reagan ya ware ranar 14 ga Agusta 1982 domin tunawa da su. A watan Yuli 2001, Shugaba George W. Bush ya miƙa lambar zinare ta Majalisar Dokoki ga rukunin farko, lokacin da biyar kaɗai suka rage a raye cikin 29, huɗu suka halarci bikin. Na ƙarshensu, Chester Nez, ya rasu a birnin Albuquerque ranar 4 ga Yuni 2014 yana da shekara 93.