Sabo ta Badun: Unguwar Bayan Gari da Gari Ya Haɗiye



Kwanakin baya muna zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar, wani yaro ɗan sakandare ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Malam, wai me ya sa ake ce wa unguwarmu Sabo, alhali duk gidajenta tsofaffi ne, kwanon ma ya yi tsatsa?" Aka kwashe da dariya. Amma da muka duba, a cikin dattawan da ke kan tabarmar nan ba a samu uku da za su iya faɗa masa shekarar da aka kafa unguwar ba. To shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Sabo dai gajarta "Sabon Gari" aka yi, kuma an kafa ta a 1916. Amma kada wani ya ɗauka a shekarar ne Bahaushe ya fara taka Badun. Garin da kansa ya tashi ne wajajen 1829 a matsayin sansanin mayaƙan Yarbawa, kuma tun cikin wancan ƙarni akwai mutanenmu a cikinsa. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, bauta ce ta kawo su. Su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya, su ne masu kula da dawakin manyan mayaƙa. Suna zaune ne a tsohon gari, wajajen kasuwar Oja'ba, a cikin gidajen Yarbawa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya komai. Dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Tafiyar da a da ake shafe watanni ana yi da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Mutane suka yi ta kwararowa Kurmi, nagari da mugu, don ai jirgi ba ya tantance fasinja. Aka shiga koke-koken sata da fasa gidaje, duk abin da ya ɓata a ce baƙi ne. Sarakunan gari da Turawa suka ga a ware Hausawa wuri guda, manyanmu na lokacin su ma ba su ƙi ba, don sun fi son a ba su wurin da za su san wanda ya shigo da wanda ya fita, su tsare mutuncinsu. Aka yanka fili a bayan gari, ta wajen Mokola. A lokacin mai mulkin Badun Baale ake ce masa, sarautar Olubadan sai a 1936 aka fara kiran ta da wannan suna.

Ku tsaya ku dubi inda aka ajiye mu. Yau in ka tsaya a shatale-talen Mokola, ga gadar sama da aka buɗe a 2013 a kanka, ga motoci masu zuwa Dugbe, ga masu nufar Sango da jami'a, ga hanyar asibitin koyarwa na UCH, ba za ka yarda cewa nan daji ne ba. Amma daji ne. Tsohon gari yana can kudu maso gabas a kan tuddansa. Kusa da mu akwai filin sukuwar Turawa da kulob ɗinsu, can gaba kuma tashar jirgi ta Dugbe. Wato an sa mu nesa da 'yan gari, kusa da idon Bature, kusa da dogo. Maƙwabtanmu na Mokola ma baƙi ne, Nufawa da sauransu. Waɗanda suka kai shekarunmu sun riski filin sukuwar nan, mun sha ƙwallo a gefensa ba takalmi, kafin a gina filin wasa na Adamasingba a wurin a 1988, wanda yanzu ake kira da sunan Lekan Salami.

Abin da ya raya Sabo abu biyu ne, shanu da goro, kuma duka biyun kaya ne masu gaggawa. Saniyar arewa ba ta jure Kurmi saboda ƙudan tsando. In ta iso dole a sayar da ita cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ta rame ko ta mutu a hannun mai ita. Mahautan gari kuwa Yarbawa ne, yawanci ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. To wa zai sa Bafillace ko Bakano ya bar wa mutumin da bai sani ba, bai jin yarensa, shanu goma bashi? Nan maigida ya shigo.

Yaran yanzu in sun ji "maigida" sai su ɗauka mijin uwargida kawai ake nufi. A Sabo ta da, maigida sana'a ce sukutum. Mutum ne mai gidaje da ɗakunan baƙi. Falke ya sauka a wurinsa, a ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo daga cikin gida safe da dare, a ajiye masa kuɗinsa. Maigida na da dillalai da yara da malamin lissafi, kuma ya san kowane mahauci, ya san wanda ke biya da wanda ke da taurin bashi. In an sayar da shanu bashi, shi ne ya tsaya. Mahauci ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa, ko da zai sayar da gida, don in labari ya kai Kano ko Sakkwato cewa dukiyar baƙo ta salwanta a gidan wane, to ya gama sana'a. Babu banki, babu lauya, babu sa hannu. Kuɗin da ya bi ta zaurukan unguwar nan a kan kalmar baki kawai, Allah kaɗai ya san yawansa. Sunan Sango da kuke ji ma zangon shanu ne bakin 'yan gari ya juya.

Goro kuma hanyarsa ta juyo ce, daga kudu zuwa arewa. Kakanninmu can da Gwanja suke zuwa nemansa, a ƙasar Gana ta yau. Da aka fara shuka irin wannan goro a ƙasar Yarbawa, wajajen Agege da Shagamu da ƙauyukan Badun, sai hanyar ta taƙaita. Har yau Yarbawa "gbanja" suke ce masa, don su bambanta shi da nasu na gargajiya. Shi ma goro ba ya son sakaci. A zaɓe shi, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a naɗe a ganye a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana cire mai tsutsa. Kwana kaɗan na ganganci sai huhu guda ya tashi a banza.

Akwai shekarar da ya kamata kowane ɗan Sabo ya riƙe bayan 1916, ita ce 1952. Kafin nan, ranar Juma'a mutanenmu gangarawa suke yi babban masallacin gari a Oja'ba su bi limamin Yarbawa. A farkon shekarun 1950 abubuwa biyu suka haɗu. Siyasar jam'iyyu ta shigo, Turawa suna shirin tafiya, ikon da suka bai wa sarakunan unguwanni irin namu yana raguwa. Sannan ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta shiga unguwar da ƙarfi, ana wazifa kullum, ana zikirin Juma'a. A 1952 Sabo ta tsai da tata Juma'ar. 'Yan gari ba su ji daɗi ba, an yi ta ce-ce-ku-ce. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya ƙirga mutanenta dubu huɗu da ɗoriya, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Shi a ganinsa ɗariƙa ce ta riƙe kan 'yan kasuwa wuri guda lokacin da sarauta ta yi rauni. Mu ba za mu ce iyayenmu don ciniki suka riƙi carbi ba, Allah ya san zukatansu. Amma wanda kuke sahu ɗaya da shi sau biyar a rana, kuna zama da'ira ɗaya da yamma, da wuya ya ci amanarka ya kwana lafiya. A nan Baturen bai yi ƙarya ba. Akwai dai wasu abubuwan da ya rubuta game da zaman unguwar da ba za mu so a karanta a gaban yara ba.

Daga nan gari ya yi ta matsowa. Badun ta zama hedikwatar Jihar Yamma, aka buɗe UCH a 1957, aka gina Cocoa House a Dugbe a 1965, ga otal ɗin Premier a kan dutsen Mokola, a 1976 kuma ta zama babban birnin Jihar Oyo. Unguwar da aka jefa bayan gari ta wayi gari a tsakiyarsa. Amma filin bai ƙaru da taku ɗaya ba. Shi ya sa lungunanmu suka matse, aka cinye tsakar gida da ɗakuna, magudanan ruwa suka kasa ɗauka.

Kasuwar kuma ta bar mu a nan ta yi gaba. Tirela ta karɓe aikin jirgi, kuma tirela ba ta shiga lungun Sabo. Hatsi ya koma Bodija, tumatir da albasa suka koma Shasha, shanu suka nufi Akinyele. Sabon jirgin da aka buɗe a 2021 ma tasharsa tana can Moniya. Wayar hannu ta ƙarasa abin da ya rage, don mai kaya a Kano yanzu kai tsaye yake magana da mai saye, kuɗi ya faɗa asusunsa kafin mota ta tashi. Yau in ka ce Sabo a Badun, abin da ke zuwa ran mutane canjin kuɗi ne da tsire. Ba mu raina ba, da su ake ci da iyali. Kuma duk da haka, ranar da rikicin Shasha ya tashi a Fabrairun 2021, mun ga yadda mutanenmu da dama suka nufo nan da 'yan ƙunshin kayansu, aka shimfiɗa musu tabarmi.

Abin da ke damunmu yanzu rabon gado ne, kuma muna faɗa ne don ana kiranmu wurinsa. Gidan da maigida ɗaya ya gina, yau magadansa sun kai talatin, wasu a Kano, wasu a Abuja, wasu ba su taɓa kwana a cikinsa ba. A fitar da tumunin takaba, a bai wa namiji kaso biyu mace kaso ɗaya, sai ka ga rabon wani bai kai rabin ɗaki ba. Sai a ce a sayar a raba kuɗi. Shari'a ba ta hana ba. Amma fili a tsakiyar babban birni ya yi tsadar da ɗan unguwa bai iya saye, sai mai kuɗi daga waje ya zo ya rushe ya yi shaguna. Ga kuma maganar takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, kuma gidajenmu da yawa ba su da wata shaida sai "kowa ya san na wane ne". Waɗanda suka sani ɗin kuwa muna ta kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

A rabon da muka halarta bayan Babbar Sallah, mun shiga zauren wani tsohon gidan baƙi muna ƙirga ɗakuna. A ɗaki na ƙarshe aka tarar da akwatin ƙarfe, cike da littattafan lissafi da ajami: sunan falke, garinsu, yawan shanunsa, mahaucin da ya ɗauka, ranar da ya biya. Cikin jikokin da ke tsaye babu wanda ya iya karantawa, biyu daga cikinsu ma da Yarbanci suke tambayarmu mene ne a ciki. Wani ya ce a zubar, takardun banza ne. Muka roƙa aka bar mana, suna nan a ɗakin ajiya na masallaci, duk mai son gani ya same mu bayan la'asar. Gidan kuwa an riga an karɓi kafin alƙalami.