Zaitun ɗin Sevilla, daga cefanen bayi zuwa farantin baƙi

Duk wanda ya tsinki ɗan zaitun a bishiya ya jefa a baki ba zai sake ba. Akwai wani sinadari a cikinsa, oleuropein, mai ɗacin da ba a iya haɗiyewa. Shi ya sa in na ji ana yabon ɗumamen zaitun, wai abin tarbar baƙi ne da minti biyar ya isa a haɗa shi, sai in ce sauƙin nan aro ne. Wahalar wasu suka sha, makonni ko watanni kafin kwalbar ta iso kanti, kuma a yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya an kai shekara dubu biyu ana shan ta.

A zamanin Rumawa ana kiran yankin Baetica, kuma da mansa ake ciyar da birnin Rum. Har yau akwai wani tudu a birnin, Monte Testaccio, mai tsayin kusan mita 35, wanda ba komai ba ne illa fasassun tulunan mai da aka jibge, galibinsu daga bakin kogin Guadalquivir na yankin Baetica aka yi jigilarsu. Man shi ne dukiya. 'Ya'yan kuwa, Cato, wanda ya rubuta littafin noma wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shawarci mai gona da ya tattara waɗanda suka faɗo ƙasa ya adana wa bayinsa, ya kuma riƙa ba su kaɗan-kaɗan don su daɗe. A littafin nan dai ya kawo wani haɗi na masu gida: a cire ƙwallo, a yayyanka, a zuba mai da ruwan tsami da ganyaye masu ƙamshi. Abu ɗaya ne, amma wani da shi yake cin gurasa don ya rayu, wani kuma da shi yake buɗe ciki kafin a kawo nama.

A Andalus ɗin, Musulmi sun riƙe Sevilla, wadda Larabawa ke kira Ishbiliya, daga 712 zuwa 1248, kuma ba su yi wasa da zaitun ba. Ibn al-Awwam, manomin ƙarni na 12, ya yi aikinsa a tudun Aljarafe da ke yamma da birnin, ya kuma rubuta Kitab al-Filaha inda ya yi bayanin dashen bishiyar da adana 'ya'yanta. Gonakin zaitun na nan a tudun har gobe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sarrafa zaitun a gidajen ƙauye. A watan Satumba da Oktoba ake tsinkar kore, da hannu, mutum na kan tsani da kwando rataye a wuya, yana tatsar reshe a hankali, domin in ɗan ya bugu zai yi baƙin tabo, ba mai saye. A gida sai a ɗora kowane ɗaya a kan katako a ɗan buge shi da guduma ta itace, ya tsage amma ƙwallon bai fashe ba. A jiƙa a randa, kullum a zubar da ruwan a sake sabo, ana ɗanɗanawa, har ɗacin ya ragu yadda uwar gida ke so. Sannan a sa gishiri, tafarnuwa, ɓawon lemo da ganyen ƙamshi na daji. Ba a cire ɗacin duka, kuma a ganina nan daɗin yake.

Kasuwa ba ta da wannan haƙurin. A ƙarni na 19 masu sana'ar a Sevilla suka koma tsoma zaitun a ruwan soda, irin ta masu yin sabulu, wadda ke kashe ɗaci cikin sa'o'i. Sai a wanke shi, a zuba a ruwan gishiri ya yi watanni yana tsami. Da wannan hanya garin Dos Hermanas ya cika da rumbuna, ana loda ganguna zuwa Amurka. Mata ne suka riƙe aikin, suna zaune layi-layi suna cire ƙwallo suna cusa jan tattasai da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin inji ya karɓe. Manzanilla ƙarami da Gordal mai girma su ne irin da suka fi fita.

Baƙin zaitun na gwangwani, wanda ake yankawa a kan fiza, labarinsa daban ne. Kore ne ake tsinka, a sa masa soda, a hura masa iska har ya yi duhu, a riƙe launin da sinadarin ƙarfe. A Kalifoniya hanyar ta bunƙasa, Sifaniyawa suka koya suka fi masu abin araha, har a 2018 Amurka ta ɗora wa nasu haraji mai nauyi. Ni dai ba na ɓata wuta a kansa, ba shi da ɗanɗanon da zafi zai tayar.

A Sevilla kanta ba a cika ɗumama zaitun ba. A ƙaramin faranti ake ajiye maka shi yadda yake, kusa da abin sha. Amma wanda ya ci atili a Jos ya san abin da ruwan ɗumi ke yi wa ɗan itace mai maiƙo, ko da yake bishiyoyin biyu ba dangi ba ne. Zafi kaɗan na sassauta naman, ya fito da ƙamshin. A ɗauraye ruwan gishirin kwalba, a zuba man zaitun a kasko da tafarnuwa, ɓawon lemo da ɗan barkono, a rage wuta sosai, a sa zaitun ɗin, a juya na 'yan mintuna. In man ya fara ƙara, wuta ta yi yawa, tafarnuwar za ta ƙone ta dawo da ɗaci. A nemi mai ƙwallo a ciki, ya fi riƙe jikinsa, a kuma ajiye wa baƙi ƙaramin kwano na zuba ƙwallon.